Jiki Magayi: Jijiyoyin Ji, Na'urorin Gane Motsi da Faɗuwar Tsofaffi a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Gabatarwa

Saurayin da yake ɗan shekara 20 a 1975, lokacin da aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, yanzu ya kai shekara 70 ko ma ya haye. Shi ne ya ɗauki buhun takin zamani a ka, ya bi bayan shanun huɗa, ya kai audugarsa fuloti. A yau irin wannan dattijo, a Bakori yake ko Danja ko Kafur, yakan farka kafin kiran assalatu fitsari ya matse shi, ya laluba takalmi cikin duhu, ya tsallake dokin ƙofa, ya ratsa tsakar gida inda aka bar turmi da turken akuya, ya nufi makewayi da buta a hannu. Tafiyar ba ta wuce taku 20 ba, kuma ya yi ta sau dubbai ba tare da ya sa ta a rai ba. To amma ranar da ƙafa ta kuskure, ƙashin ƙugu ya karye, sau da yawa wannan kwanciyar ce ta ƙarshe, domin ciwon haƙarƙari da gyambon kwanciya da daskarewar jini sukan biyo baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haye shekara 60 su ne suka fi yawa. A nan Nijeriya, binciken da masana na Jami'ar Ibadan suka buga a 2010 ya nuna cewa kashi 23 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama da aka tambaya a jihohin Yarbawa sun faɗi cikin shekarar da ta gabaci binciken.

A ƙasashen da suka ci gaba, wata amsa da aka ba wannan matsala ita ce na'urorin gane motsi: agogon hannu mai gane faɗuwa, da na'urar bango mai lura da kai-komon mutum a ɗaki. Labarinsu ya iso, har 'ya'yan da ke aiki a Kaduna da Abuja sun fara tunanin saya wa iyayensu. Niyyar tana da kyau. Sai dai ilimin halittu yana da darasi a nan wanda ya kamata a saurara kafin a zare kuɗi. Na'urar gane motsi kwaikwayon jijiyar ji ce, ita kuwa jijiyar ji labari kawai take kaiwa. Idan babu mai karɓar labarin, babu kuma mai ƙarfin da zai yi aiki da shi, to jinta da rashinsa duk ɗaya ne.

Yadda jiki yake sanin inda yake

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da ma'anoni da dama. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ta ɗaure tsoka ga ƙashi irin agara, akwai kuma jijiyar da ke kai saƙo. Ta ƙarshen nan ake nufi a nan, ita ma iri biyu ce: jijiyar ji, mai kai labari daga sassan jiki zuwa laka da ƙwaƙwalwa, da jijiyar motsi, mai dawo da umarni zuwa tsoka.

Kowace jijiyar ji damin zare ne, kowane zare kuma reshen ƙwayar halitta guda ne. Uwar ƙwayar tana zaune cikin wani ɗan ƙulli a gefen laka, reshenta ɗaya ya miƙe zuwa fata ko tsoka, ɗayan ya shige cikin laka. Wadda ke kula da babban yatsan ƙafa tsawonta ya zarce mita 1, ga ta siririya ta yadda ba a ganinta sai da madubin likita. Saƙon da take ɗauka wani ɗan bugun lantarki ne. A zarurruka masu kauri, waɗanda aka naɗe da rigar kitse, saƙon yana iya gudun mita 120 a daƙiƙa guda, watau fiye da kilomita 400 a awa. A sirara marasa riga kuwa bai cika wuce mita 1 ko 2 ba. Shi ya sa mai tuntuɓe yakan fara jin bugun dutsen, sa'an nan bayan ɗan lokaci zugin ya iso.

A bakin kowane zare akwai ɗan maji da ya ƙware a kan abu guda. A fatar tafin ƙafa akwai wanda Filippo Pacini na Italiya ya bayyana a shekarun 1830, mai ɓawo a kan ɓawo kamar albasa, shi ke jin girgiza. Akwai wanda Georg Meissner na Jamus ya bayyana a shekarun 1850, mai jin shafa da zamewa. Waɗannan biyu canji kawai suke ji, da zarar abu ya tsaya cik sai su yi shiru. Dalili ke nan da mutum yakan manta da hular da ke kansa. Edgar Adrian ne ya fara auna wannan hali a zare guda a Jami'ar Cambridge a 1926, ya kuma nuna cewa jijiya tana bayyana ƙarfin taɓawa ne ta hanyar yawan bugun da take aikawa.

Cikin naman tsoka kuma akwai wasu 'yan majiya masu siffar mazari, irin wanda tsofaffin mata ke kaɗin auduga da shi, har sunan da masana suka ba su ke nan, mazarin tsoka. Aikinsu auna miƙewar tsoka. A mahaɗar tsoka da agara akwai wasu masu auna ƙarfin ja. Daga rahoton waɗannan ne ƙwaƙwalwa take sanin inda kowace gaɓa take ko ido yana rufe. Mai karatu na iya gwadawa: ya rufe ido ya taɓa hancinsa da ɗan yatsa. Charles Sherrington na Ingila ne ya raɗa wa wannan ji suna a 1906, kuma shi da Adrian suka raba lambar yabo ta Nobel a 1932.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai bututu 3 masu siffar rabin zobe cike da ruwa, waɗanda ke jin juyawar kai. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna 2 masu ɗauke da tsakuwoyi ƙanana ƙwarai, na sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai, zaune bisa ƙwayoyin halitta masu gashi. In kai ya karkata sai tsakuwoyin su zame su tanƙwara gashin, saƙo ya tashi.

An daɗe ba a san yadda dannawa ke rikiɗa ta zama lantarki ba, sai a 2010 da ƙungiyar Ardem Patapoutian, haifaffen Beirut mai bincike a Kalifoniya ta Amurka, ta bi ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya har zuwa na 72, ta gano wasu furotin 2 da aka kira Piezo1 da Piezo2. Kowannensu wata 'yar ƙofa ce a jikin ƙwayar halitta, wadda ke buɗewa in an danna ta, gishirin jiki mai ɗauke da caji ya kwarara ciki. A 2016 likitoci a Amurka suka ba da labarin wasu 'yan mata 2 da aka haifa Piezo2 ɗinsu ba ya aiki. Suna iya tafiya muddin suna kallo, amma da an ɗaure musu ido sai su yi ta tangaɗi. Daga baya aka gano cewa irin waɗannan ƙofofi ne ke auna matsin jini, su ne kuma ke sanar da cikar mafitsara. Patapoutian ya sami Nobel a 2021 tare da David Julius, wanda ya yi amfani da sinadarin yajin barkono ya gano majin zafi a 1997.

A taƙaice, ƙwaƙwalwa kamar alƙali take mai sauraron shaidu 3 kafin kowane taku: ido, da cikin kunne, da jin ƙafa da gaɓoɓi. In shaida ɗaya ya faɗi, biyun da suka rage sukan wadatar. In biyu suka faɗi, hukuncin yakan karkace.

Abin da tsufa da cuta suke yi wa shaidun

Shekaru suna rage yawan majiyan tafin ƙafa, suna rage saurin saƙo, suna kuma cinye ƙwayoyin gashi na cikin kunne, waɗanda a jikin ɗan Adam ba su cika tofowa ba in sun mutu. Zarurruka mafi tsawo su ne suka fi wahalar ciyarwa, don haka su ke fara lalacewa, kuma shi ya sa mutuwar ji takan faro daga yatsun ƙafa ta yi sama kamar ana sa safa. Mai wannan matsala yakan ce yana ji kamar a kan auduga yake tafiya, ko kuma silifas ya zame daga ƙafarsa bai sani ba.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin illar mutuwar ji ta hanyar kuturta, cutar da asibitin Babbar Ruga da ke kusa da birnin Katsina yake jinyar masu ita tun zamanin Turawa. Ƙwayar cutar, wadda Gerhard Hansen na Norwe ya gano a 1873, jijiyoyi take kamawa. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta Indiya, ya nuna cewa akasarin asarar yatsu tana zuwa ne daga ƙuna da rauni da mai cutar ba ya jinsu, balle ya kare kansa. Yanzu ana warkar da kuturta da haɗin magunguna, amma ciwon sukari ya gaji wannan ɓarna, domin kusan rabin waɗanda suka daɗe da shi jijiyoyinsu na ji sukan taɓu. Ƙarancin bitamin B12 ma yana haddasa haka, kuma maganin sukari na metformin yana iya rage wannan bitamin in an daɗe ana shansa. Maganin tarin fuka na isoniazid yana taɓa jijiya in ba a haɗa shi da bitamin B6 ba. Alluran gentamicin da streptomycin, in an yi su barkatai a kemis, suna iya kashe ƙwayoyin gashi na kunne har abada. Wasu magungunan feshin ƙwari da ake amfani da su a gonakin auduga da wake guba ne ga jijiya. Abinci ma yana da hannu: a ƙarshen shekarun 1960 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya danganta wata cutar tangaɗi a ƙasar Ijebu da yawan cin rogon da ba a gyara shi sosai ba.

Shaida na uku, watau ido, yana da nasa abokin gaba. Binciken makanta na ƙasa baki ɗaya da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin 'yan shekara 40 zuwa sama.

Idan aka koma ga dattijon da aka fara da shi, za a ga yadda abin yake haɗuwa. Jin ƙafarsa ya ragu, kunnensa ya tsufa, da rana ido ne ke cike giɓin. Da asuba kuwa duhu ya kore wannan shaida. Ga shi ya tashi zumbur daga kwance, majiyan matsin jini sun yi nawa, jini bai kai ƙwaƙwalwa da wuri ba, jiri ya ɗebe shi. Faɗuwar da mutane za su ce tsautsayi ce tana da dalilai da za a iya ƙirgawa, kuma galibinsu ana iya rage su.

Na'urorin da ke kwaikwayon jijiya

Na'urar da aka fi sani ita ce mai gane ɗumin jiki. Jikin mutum yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano irinsa a hasken rana a 1800. Na'urar tana da ɗan farin murfi mai gida-gida da ke raba fili kashi-kashi. In jiki mai ɗumi ya ƙetare daga wani kashi zuwa wani, sai wani ɗan sinadari a ciki ya ba da lantarki. Halinta ɗaya da majin Pacini, canji kaɗai take ji, mutumin da ya kwanta shiru ya ɓace mata. Ita ce a jikin fitilun sola masu kunna kansu da ake sayarwa a kasuwa.

Ta biyu ita ce mai auna fizga: wani ɗan nauyi ne da aka rataya a kan siraran maɗaurai cikin ƙwayar silikon, in an motsa shi ya zame, a auna zamewar. Wannan kwaikwayon tsakuwoyin kunne ne. Kamfanin Analog Devices ya fara ƙera irinta da yawa a farkon shekarun 1990 domin jakar iska ta mota, yanzu kuma ita ce ke juya hoto in an karkata wayar salula. A 2018 kamfanin Apple ya sa tsarin gane faɗuwa cikin agogonsa: in ya ji buguwa mai ƙarfi, mai shi kuma ya yi kamar minti 1 bai motsa ba, sai ya kira lambar gaggawa ya aika wa dangi saƙo. Ta uku tana aika igiyar rediyo ne ta saurari dawowarta, kamar yadda jemage ke yi da sauti, irin wadda ƙungiyar Farfesa Dina Katabi ta ƙera a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts.

Waɗannan na'urori suna da iyaka. A 2012 wasu masana a Turai suka ɗauki hanyoyin lissafi 13 da aka wallafa na gane faɗuwa, suka gwada su a kan faɗuwa 29 ta gaske da aka naɗa a jikin marasa lafiya. A matsakaici kashi 57 cikin 100 kawai suka gane, alhali a ɗakin gwaji, inda matasa ke faɗawa kan katifa da gangan, sakamakonsu ya fi haka nesa. An sami ci gaba tun daga lokacin, amma tushen matsalar yana nan: tsoho yakan sulale ne a hankali yana dafa bango, ba tare da buguwar da na'ura ke jira ba. A yankin Funtua da Malumfashi akwai ƙarin cikas. Bugun taɓarya a turmi, ko saran fartanya, ko tsallen babur a hanyar ƙauye, duk suna iya yi wa agogo kama da faɗuwa. Akuya da kyanwa suna da ɗumin jiki kamar mutum. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin bango yake kusantar na jiki, mai gane ɗumi takan dushe. Ƙararrawar da ta cika kukan ƙarya kuwa, ƙarshenta a daina kula ta, ko a cire mata batir.

Wa zai amsa?

Babban abin dubawa yana cikin laka. In ƙafa ta taka ƙaya, jijiyar ji ta kai labari laka, laka ta miƙa wa jijiyar motsi, tsoka ta janye ƙafar tun kafin ƙwaƙwalwa ta san abin da ake ciki. Sarƙa ce mai gaɓa 3, da mai ji da mai yanke shawara da mai aiki. In laka ta tsinke, kamar yadda kan faru a haɗarin mota, majiyan ƙafa suna nan lafiya lau suna aika saƙo, amma saƙon ba ya isa ƙwaƙwalwa.

Agogon da aka ƙera a Amurka an gina shi ne bisa zaton cewa sauran gaɓoɓin sarƙar suna nan: akwai wutar da za a yi masa caji kusan kullum, akwai sabis, akwai mai ɗaga waya, akwai motar asibiti da ta san adireshin gidan. Nijeriya tana da lambar gaggawa ta 112, amma duk wanda ya san ƙauyukan kudancin Katsina ya san cewa mai kai marar lafiya Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, galibi ɗan'uwa ne ko maƙwabci mai babur ko motar haya. Mutanen yankin sun kuma ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka kwashe watanni a haka. Duk na'urar da ta dogara ga sabis, a wancan lokaci jijiya ce da aka yanke.

Saurin amsawa kuwa shi ne ran al'amarin. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1981 ya gano cewa rabin tsofaffin da suka kwashe fiye da awa 1 a ƙasa bayan sun faɗi sun rasu cikin wata 6. Saƙon da ya faɗo wayar ɗa a Abuja ƙarfe 4 na asuba, wayar kuma tana kashe, ba zai rage wannan awa ba ko da minti guda.

Al'adar Hausa tana da tsarinta da ya haɗa sarƙar duka, watau jikan da ke kwana a ɗakin kaka. Yana jin motsinta, ya san bambancin tari da nishi, yana riƙe mata fitila, in abu ya fi ƙarfinsa ya ruga ya taso manya. Gaskiya ne wannan tsari yana rauni. Samari sun tafi ci-rani, yara suna makarantun kwana, gandu yana watsewa, kuma tashin hankalin 'yan bindiga ya kori iyalai da yawa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara zuwa cikin gari. Tsohon da aka raba da gidan da ƙafarsa ta haddace shekara 50, aka sauke shi a gidan haya mai matakala da daɓen siminti mai santsi, haɗarinsa ya ƙaru. Saboda haka ba daidai ba ne a ce na'ura ba ta da gurbi. Ga tsohuwar da ke kwana ita kaɗai, ƙararrawa ko da mai kuskure ce ta fi babu. Abin tsoro shi ne ɗa ya sayi agogon da kuɗinsa ya kai na buhunan masara masu yawa, ya ɗaura wa mahaifiyarsa, ya ji ya sauke nauyi, ziyara ta ragu.

Akwai kuma batun mutunci. Wuraren da tsofaffi suka fi faɗuwa su ne wuraren da suka fi buƙatar sutura, watau ɗakin kwana da makewayi. Kafa kyamara a ɗakin dattijuwar da ta yi rayuwarta cikin kunya cin fuska ne, ko da 'ya'yanta ne masu kallo. Na'urar da ba ta ɗaukar hoto ta fi dacewa, kuma ko ita sai an nemi yardar mai ɗaki. Tsufa ba ya ƙwace wa mutum ikon cewa a'a.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a mayar wa dattijo shaidan da duhu ya kore. Fitilar sola mai gane motsi, ɗaya a bakin ɗaki, ɗaya a hanyar makewayi, ita ce fasahar gane motsi da ta fi dacewa da wannan yanki. Ba ta buƙatar sabis ko wutar gwamnati, kuma sarƙarta a cike take, domin ita ke ji, ita ke amsawa nan take. In akuya ta kunna ta, asarar ba ta wuce ɗan caji ba. A haɗa da rage tsayin dokin ƙofa, da kau da turmi da igiya daga hanya, da kafa abin dafawa a makewayi, da takalmi mai riƙe dunduniya. A koya wa tsoho ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe.

Na biyu, a riƙa gwada majiyan jiki a ƙananan asibitoci. Gwajin da Moritz Romberg na Jamus ya bayyana a shekarun 1840 ba ya cin ko kwabo: mutum ya tsaya ƙafafu a haɗe ya rufe ido, wani na kusa da shi, a ga ko zai yi tangaɗi. Wani gwajin na 1991 shi ne ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, in ya kai daƙiƙa 12 to yana cikin haɗari. Wani ɗan zaren roba mai dannawar giram 10 yana nuna ko tafin ƙafa ya daina ji. A auna sukari, a auna matsin jini a kwance da a tsaye, a duba magungunan da yake sha, musamman na barci. Jirin da ke zuwa in an juya a kan gado sau da yawa tsakuwoyin kunne ne suka ɓace hanya suka faɗa bututu, kuma likita yana mayar da su ta hanyar jujjuya kai cikin 'yan mintoci. Mai yanar ido a kai shi a cire, ana yin wannan aiki a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano da wasu asibitocin gwamnati. Iyali ma suna da ma'auni sau 5 a rana: dattijon da ya fara dafa bango in zai tashi daga sujada, jikinsa ya faɗi abin da ke tafe.

Na uku, kada a zaunar da tsoho da sunan tausayi. Jijiya da tsoka in ba a aiki da su lalacewa suke yi. Tsarin motsa jiki na Otago, wanda aka gwada a Niyu Zilan tun daga 1997, ya rage faɗuwa da kimanin kashi 35 cikin 100, alhali bai wuce tashi da zama, da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ana dafe, da tafiya ba. Zuwa masallaci da zagaya gona da sanda a hannu magani ne.

Na huɗu, duk wanda zai sa ƙararrawa ya fara amsa tambaya ɗaya: wane ne zai iso cikin minti 5? A ambaci sunansa, ya kuma yarda. Ƙararrawar ta yi kuka a ɗakinsa kai tsaye, saƙon waya zuwa birni ya zama ƙari. Irin wannan na'ura mai sauƙi, mai jure ƙurar hunturu da zafin bazara, ba ta fi ƙarfin ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ba.

Na biyar, a ƙirga. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool sun gudanar da bincike mai zurfi a ƙasar Malumfashi, aka bi gida-gida aka ƙidaya jama'a, aka auna zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji, kuma daga 1977 aka fara buga sakamakon. Yaran da samarin da aka auna a lokacin su ne dattawan yau. Ya dace jami'o'i su koma waɗannan ƙauyuka su tambayi wa ya faɗi, a ina, da wane lokaci, wa ya ɗaga shi, wurin maɗori aka kai shi ko asibiti. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa hannu a dokarta a 2018, tana buƙatar irin waɗannan alƙaluma daga karkarar Arewa in har tsare-tsarenta za su taɓa manomi.

Kammalawa

Hausawa sun ce jiki magayi, kuma binciken da aka yi daga Sherrington zuwa Patapoutian ya nuna ta wace hanya jiki yake faɗar abin da yake faɗa. Tsufa yana rage muryar wannan magayi, na'ura kuma tana iya ara masa wata. Amma tsari ya kamata ya bi yadda jiki ya bi: a fara da gyara majiyan da Allah ya halitta, a haskaka hanya, a tanadi mai amsawa, sa'an nan a ƙara ƙararrawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ɗan da zai je gida bayan kaka ya tafi da fitila 2, ya bi hanyar makewayi da ƙafarsa cikin dare ya ga abin da mahaifinsa ke tsallakewa, ya kuma zauna da maƙwabta a san wanda zai fito in an ji kira. Zumunta dai a ƙafa take. Allah ya ba dattawa tsufa mai sauƙi, ya ba 'ya'yansu ikon kula da su.